Nasiha Ga Malamai Da Fatake A Kan Sha'anin Dashen Itatuwa

 

Ya ku malamai ma'abota allo da tawada, da ku fatake da attajirai ma'abota mudu da sikeli, ina so mu yi shawara a kan wani al'amari wanda galibinku kuke ɗauka na Gwamnati ne da ma'aikatan gandun daji, watau sha'anin dashen itatuwa. Ni kuwa ina ganin kun fi kowa ruwa a ciki.

Kowace shekara, in damina ta yi nisa, sai a yi shela a ce ran kaza za a yi bikin dashen itace. A kafa rumfuna, a jera kujeru, makaɗa su zo. Babban baƙo ya tattare hannun riga, a miƙa masa ɗan dashe cikin leda, ya sa a rami, ya zuba ruwa da buta, a yi tafi, a ɗauki hoto. Da yamma rediyo ta ce an raba dashe dubu kaza ko miliyan kaza. To, madalla. Amma wa ya taɓa jin an komo da bazara an yi shela an ce, cikin dubu kazan nan ga adadin da suka rayu? Falken da ke rubuta abin da ya saro, ba ya rubuta abin da ya sayar da abin da ya ɓace masa a hanya, ba ya daɗewa bai karye ba. Malamin tsangaya kuwa da yawan waɗanda suka sauke ake auna shi, da waɗanda suka haddace, ko da yaran da aka kawo masa sun cika zaure. Don me itace kaɗai za a riƙa ƙidaya shi ran suna, ba a komawa a ga ko ya yi rarrafe?

Kada wani ya ce ina ruwan malami da daji. Allon da ke hannun almajirinka, galibi daga jikin aduwa aka sassaƙo shi. Tawada ba ta zama a takarda sai an sa mata ƙaro, ƙaro kuwa hawayen dakwara ne. Wutar da almajirai ke kewayewa da dare da asuba suna biya karatu, kowa ya san nisan da yara ke yi yanzu kafin su samo abin hura ta. Kai kuma falke, jar fatar Sakkwato da Kano wadda ta yi suna har Magrib da Turai, da 'ya'yan bagaruwa majema ke jeme ta. Daddawa ɗiyar ɗorawa ce, man kaɗe ɗan kaɗanya ne, ga kuka, ga tsamiya, ga azarar giginya, ga turmi da taɓarya. Ka ɗebe 'ya'yan itace daga kasuwar ƙauye ka ga abin da zai saura a rumfuna.

Bari mu fara da wata magana wadda ta daɗe tana ɓad da mu. A shekarar 1934 wani Bature masanin daji, sunansa Stebbing, malami a jami'ar Edinbara, ya ratsa ƙasashen nan, ya koma gida ya rubuta a 1935 cewa Sahara tana gangarowa kudu za ta cinye arewacin Nijeriya, maganinta kuwa a yi mata shinge na itatuwa. Maganar ta tayar da hankalin Ingila da Faransa, har suka haɗa kwamiti na ma'aikatansu, suka bi iyakar Nijeriya da Nijar a ƙarshen 1936 da farkon 1937. Suka komo suka ce ba su ga rairayi yana tahowa kamar rundunar yaƙi ba. Abin da suka gani shi ne ƙasa tana lalacewa a wuraren da mutane suka matsa mata da sara da noma. Amma magana mai daɗin faɗi ba ta mutuwa da wuri. A 2007 Tarayyar Afirka ta amince da shirin babbar ganuwa ta itatuwa, daga Dakar zuwa Jibuti, tsawon wajen kilomita 8,000, faɗin kilomita 15. Nijeriya ta kafa mata hukuma a 2015, tana aiki cikin jihohi 11 na arewa. Da aka yi lissafi a 2020, rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce hekta miliyan 4 aka gyara cikin yankin ganuwar, alhali kuwa abin da aka ɗauki alkawari hekta miliyan 100 ne kafin 2030. Su kansu masu shirin sun bar zancen layi guda miƙaƙƙe, sun koma ga gyaran gonaki da makiyaya kowanne a inda yake. Gaskiyarsu. Lalacewar ƙasa kamar makero take a kan yaro: tabo nan, tabo can, kowanne yana faɗaɗa har su haɗu. Mai makero kuwa ba a ɗaura masa rawani a ce an tare cuta, sai a bi tabon ɗaya ɗaya da magani.

To, mene ne maganin? Abin mamaki, an daɗe da sanin mafi yawansa. Tun 1954 aka kafa ma'aikatar binciken daji ta tarayya a Ibadan, a 1964 kuma aka buɗe tashar binciken itatuwan ƙasashen ciyawa a Samaru ta Zariya, da taimakon hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya. Suka yanki filayen gwaji a Afaka kusa da Kaduna, da Miyango a kan tudun Jos, da wasu wurare, suka shuka itatuwa iri iri, suna auna tsawonsu da kaurinsu shekara da shekara, suna haƙa ramuka suna duban cikin ƙasa. Aiki ne na haƙuri irin na mai rubuta Alƙur'ani da ka, ba a gama shi a damina ɗaya.

Abu na farko da aikin nan ya tabbatar shi ne, zurfin ƙasa ya fi kyan fuskarta muhimmanci. A wurare da yawa na ƙasar Hausa akwai shimfiɗar marmara kwance ƙarƙashin ƙasa, wani wuri kamu ɗaya, wani wuri gaba guda. Ɗan itace ya kan tashi da kyau shekara biyu ko uku, mai shi yana murna, sa'an nan saiwa ta ci karo da marmara ta kasa wucewa. Ruwan da ke saman marmarar ba ya isar babban itace wata bakwai na rani, sai ka ga ya fara bushewa daga sama, a ce sammu ne ko iska. Da an haƙa rami ɗaya mai zurfi kafin a sayo dashe dubu, da an huta da asara.

Sa'an nan sha'anin iri. Itacen nan da muke kira turare, wasu su ce zaiti, daga Ostareliya aka kawo shi. Sunansa ɗaya, amma a can ƙasarsu yana fitowa daga arewa har kudu. Da aka gwada a nan, sai aka ga irin da aka ɗebo daga arewacin ƙasar, wajen Petford da Katherine, inda ruwa ke sauka da zafi kuma rani ke da tsawo kamar namu, ya tsere wa irin kudu nesa ba kusa ba, gama na kudu ya saba da ruwan lokacin sanyi. Wannan ba zai ba falke mamaki ba. Ga wanda bai san goro ba, goro duk goro ne, amma wanda ya yi fataucin Gwanja ba a haɗa masa na kirki da hannunruwa a huhu ɗaya. Sai ga shi idan an zo rabon dashe ba mai tambayar daga ina uwar irin ta fito.

Wani abin da ya fi wannan ban mamaki: turaren da aka dasa a Afaka da makamantanta ya riƙa mutuwa daga toho idan rani ya shiga, kamar ƙishirwa ce ke damunsa. Da aka bincika ganyen da ƙasar, sai aka tarar wani sinadari ne ya yi ƙaranci, Turawa na ce masa boron, wanda itace ke bukata ɗan kaɗan ƙwarai, kamar kanwa a miya. Aka barbaɗa wa kowane gindi abin da bai cika tafin hannu ba, ciwon ya tafi. Haka kuma aka ga ƙasarmu tana da yunwar sinadarin da ke cikin takin sufa, ɗan dashe kuwa in ya samu kaɗan a farkon rayuwarsa ya kan yi saurin kafuwa. Aka kuma ga ciyawa ta fi kome cutar ɗan itace a shekarunsa biyu na farko, domin tana shanye ruwan da ke sama da damina, ta zama abincin gobara da rani. Watau itace ma sai an yi masa noma da maimai kamar gero. Wanda ya dasa ya tafi, bai dasa ba.

Gara kuwa ta ci turare ba kaɗan ba. A wancan zamani da guba ake korar ta, irin su aldirin da dildirin, ana zubawa cikin ƙasar leda. Daga baya aka gane gubar ba ta ruɓewa, tana shiga ruwa da jikin dabba da na mutum, har aka hana ta da yarjejeniyar duniya ta Istokholm a 2001. Wannan darasi ne a kan baƙon itace: kullum sai ka yi masa hidimar da ɗan gida ba ya bukata.

Akwai kuma wata fa'ida wadda ya kamata malamai su tsaya a kanta, domin tana cikin ayoyin Ubangiji ga mai tunani. Turawa sun so su shuka wani itacen katako mai ganye kamar allura, suna ce masa fayin. Suka shuka a wurin reno, ya tsiro, ya tsaya, ya yi rawaya, ya ƙi gaba. Taki bai yi ba, ruwa bai yi ba. Sai da aka ɗebo 'yar ƙasa daga gindin tsofaffin fayin masu lafiya aka gauraya da ƙasar renon, sa'an nan ya miƙe. Ashe akwai wata halitta siririya kamar zaren gizo, dangin laimar kwaɗi, wadda ke manne wa saiwarsa, tana jawo masa ruwa da abinci daga inda saiwar ba ta kaiwa, shi kuma yana ciyar da ita daga abin da ganyensa ya sarrafa. Cuɗe ni in cuɗe ka, ƙarƙashin ƙasa, ba mai gani. Irin wannan zumunci yana nan ga itatuwanmu ma. Ka tumɓuke gyaɗa ko wake ka ga 'yan ƙulle-ƙulle a saiwarsu: gidajen wasu ƙananan halittu ne masu kamo taki daga iska su ba shuka, kuma gawo da bagaruwa da dakwara duk dangin wake ne a wannan fanni. Saboda haka ƙasa ba matacciyar aba ce da ake soka itace a ciki kamar turke ba. Tana da rai, ana kuwa kashe ta da ƙuna, da kwashe kara da ganye kakaf, da barin ta tsirara rana da iska su yi ta dukanta.

Mu komo ga ɗan dashen nan na cikin leda. Mafi yawan mutuwarsa tun daga wurin reno aka rubuta ta. In ya daɗe a leda, uwar saiwarsa, wadda aka halitta don ta nutsa ƙasa neman ruwa, ta kan kai gindin leda ta nannaɗe kamar gammo. Ka dasa shi haka, zai zauna haka, ko bayan shekaru iska ta kayar da shi ka tarar da gammon nan. Maganinsa a yanke gindin ledar da wuƙa mai kaifi tare da abin da ya nannaɗe, a cire ledar gaba ɗaya, a sa shi a rami mai faɗi. Mai reno na kirki kuma ya kan rage wa dashe ruwa da inuwa 'yan makonni kafin a fitar da shi, don ya saba da wahala, kamar yadda ba a ɗauko ɗan gata daga ɗakin uwarsa a tura shi gabas rana ɗaya. Irin ma kowanne da halinsa. Ƙwallon darbejiya 'yan makonni kaɗan yake yi ya mutu, sai a shuka shi da ɗanyensa. Na gawo da bagaruwa kuwa ɓawonsu tauri gare shi, sai an jiƙa su a ruwan zafi ko an kankare, ko kuwa sun bi ta cikin akuya ko saniya, shi ya sa ka kan ga gawo ya tsiro inda garke ya kwana.

Babbar musiba ita ce lokaci. Dashe yana son a sa shi da zarar ruwa ya zauna, ƙasa ta jiƙe sosai, don ya sami sauran damina duka yana tura saiwa. Amma biki ya kan jira ranar da babban baƙo ya sami sarari, sau da yawa sai Agusta ta ƙare ko Satumba ta kama, ruwa na shirin ɗaukewa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ɗan da aka dasa ruwa uku kafin kaka, ga hunturu, ga bazara, ga akuya, ina zai kai?

Kada a ce ina ƙin baƙin itatuwa. Darbejiya, wadda wasu ke kira dogon yaro, wasu maina, wasu bedi, asalinta daga Indiya ne. A 1928 aka fara dasa ta a Lardin Barno da irin da aka kawo daga Gana, yau kuwa wane gari ne babu ita a ƙofar fada da bakin kasuwa? Malamai nawa ne ke ba da karatu a inuwarta? Gara ba ta cika damunta ba. Wani masanin ƙasa, Radwanski, ya auna jan rairayin Sakkwato ya wallafa a 1969 cewa ƙasar da ke ƙarƙashin darbejiya ta rage tsami, ta fi wadda ke fili taki, domin saiwar tana haƙo abinci daga zurfi, ganyen ya zubo da shi sama. A kwarin Majiya, wajen Buza cikin jihar Tawa ta Nijar, tun daga 1975 aka jera darbejiya layi bibbiyu, tsakanin jeri da jeri mita 100, don tare iskar da ke kwashe ƙasa tana binne shuka. Da aka auna, geron da ke tsakanin layukan ya ƙaru da wajen kashi 20 cikin 100, wata shekara ƙasa da haka, ga kuma itacen da ƙauyuka ke samu in an yi wa layukan aski. Wannan dashe ne da ya yi albarka, don kwarin yana da ƙasa mai zurfi da ruwa kusa, an kuma sa masu gadi suka tsare shi daga dabbobi yana ƙarami. Amma a wajen 1990 wani ciwo ya bi darbejiya a Nijar da arewacin Nijeriya, ganye ya yi ta zuba, rassa suna bushewa, hankalin mutane ya tashi, gama garuruwa da yawa ba su da wata inuwa sai ita. Allah ya sa abin ya lafa. Falke dai ya san hukuncin wanda ya zuba jarinsa duka a haja ɗaya.

Yanzu ga abin da na fi so ku ji, ya faru kuwa a ƙasar Hausa, a hannun Hausawa. Bayan farin 1973 aka kashe kuɗi mai yawa a Nijar wajen reno da dashe, mafi yawa suka mutu. A 1983 wani ɗan Ostareliya mai aikin gona a Maraɗi, Tony Rinaudo, ya lura da 'yan kurarrajin tsiron nan da ke fitowa a gonaki kowace shekara manoma suna sassabewa. Ya duba ya ga ba ciyawa ba ce, tohon kututturan itatuwan da aka sare ne tun da daɗewa, saiwarsu tana nan da rai, ta riga ta kai ga ruwa. Watau dajin bai tafi ko'ina ba, yana kwance ƙarƙashin gona. Dabarar ba ta da wuya: a kowane kututture manomi ya zaɓi toho biyu zuwa biyar mafi ƙarfi ya bari, ya yanke sauran, ya riƙa yi musu aski suna miƙewa, abin da ya yanke kuma ya zama makamashin gida. Ba leda, ba mota, ba ban ruwa. Mutanen can suka sa mata suna sassaben zamani, ko da yake tsofaffi sun san irinta tun da. Yunwar 1984 ta sa abin ya bazu, daga baya manomi ya riƙa gani a gonar maƙwabcinsa yana kwaikwaya. Da masana suka gwama hotunan sama na 1975 da na 2005, suka ƙiyasta hekta miliyan 5 ne suka sake yin itatuwa, galibi a jihohin Maraɗi da Damagaram, itace wajen miliyan 200. Ku gwama wannan da lissafin ganuwa da na ambata a baya.

Cikin itatuwan nan gawo ne sarki, musamman a kudancin Damagaram. Halinsa saɓanin na sauran itatuwa ne: da damina ya zubar da ganye ya bar wa gero rana, da rani ya yi kore ya ba dabbobi inuwa da 'ya'ya, su kuma su bar masa taki a gindi. A tashar bincike ta Bambe a Sanagal, wasu masana biyu, Charreau da Vidal, sun auna a 1965 suka tarar geron gindin gawo ya ninka na fili fiye da sau biyu. Kakanninmu ba su jira ma'auni ba. An ruwaito cewa sarakunan Damagaram a ƙarni na 19 sun sa hukunci mai tsanani ƙwarai a kan wanda ya sare gawo. Ko sabara, wadda muke rainawa, an yi mata gwaji a Sanagal aka wallafa a 2018: aka ba saiwarta ta can ƙasa wani ruwa mai alama, bayan ɗan lokaci aka sami alamar cikin jikin geron da ke kusa da ita. Ashe da dare tana jawo ruwa daga zurfi ta saki a ƙasar sama, gero ya sha. Mu kuwa kowace bazara sai mu sassabe ta mu cinna mata wuta.

Me ya sa manomin Maraɗi ya bar itace a gonarsa bayan da can yana sarewa? Nan ne maganar ta zo hannun malamai. Tun dokar Faransa ta 1935 itatuwa masu daraja a hannun hukuma suke, mutum ya sare reshe a gonar ubansa a ci shi tara. Wa zai yi renon abin da zai jawo masa sammaci? Sai ya kashe shi tun yana toho kafin ma'aikaci ya gani. Da aka sassauta daga tsakiyar shekarun 1980, aka zo da dokar karkara ta 1993 da dokar daji ta 2004, manomi ya tabbata abin da ya rena nasa ne, sai gonaki suka cika. Itacen kowa da kowa, akuyar kowa da kowa ce ke cinye shi.

Malamanmu na Malikiyya sun yi bayanin raya matacciyar ƙasa, suka lissafa abubuwan da mutum ke mallakar fili da su. Mai karatun Muhtasar ya san dasa itace yana ciki, sare itace don buɗe gona ma yana ciki. Shehu Abdullahi na Gwandu ya yi littafi sukutum a kan wannan babi, Ta'alimur Radi, ya yi maganar hurumin gari da na rijiya da makiyayar da shugaba ke keɓewa. A zamaninsu daji ne ya yi yawa, mutane kaɗan, sara kuwa raya ƙasa ne. Yau da gona ke mutuwa saboda tsiraici, ina roƙon malamai masu fatawa su duba mana: mene ne hukuncin wanda ya karɓi aron gona ko jinginarta ya sare gawon da ke ciki? Wa ke da itacen da ɗan haya ya rena? Wanda ya saki awakinsa suka cinye dashen maƙwabci da rani, akwai lamuni a kansa ko babu, tun da al'ada ta ce in an kwashe amfanin gona an saki dabbobi? Waɗannan su ne mas'alolin da ke kashe dashe a ƙauye, ba kuwa ma'aikacin Samaru ne zai warware su ba. Hadisin Anas a kan ladan mai dashe, ba ni zan koya muku shi ba. Abin da nake cewa, ladan yana rataye ne da abin da mutum ko tsuntsu ko dabba suka ci daga itacen, itacen da ya mutu cikin wata uku kuwa ba wanda ya ci kome gare shi sai akuyar da ta kashe shi.

Kuma kuna da abin da hukuma ba ta da shi. Kuna da filayen da ake jin nauyin shiga, maƙabarta da masallacin idi da harabar tsangaya. Kuna da ruwan alwala da ke malala a banza sau biyar kowace rana, wanda in an yi masa 'yar hanya zai rayar da gindi goma a ƙofar masallaci. Kuna da yara masu zama wuri ɗaya rani da damina. A ba kowane gardi gindi biyu ya kewaye da ƙaya, a san na wane ne, a tambaye shi kamar yadda ake tambayarsa allonsa. In tsangaya ta sami wakafin fili, a bar kututturan da ke ciki su tashi kafin a nemo leda ko ɗaya. Inda ƙasa ta zama faƙo, babu kututture babu ciyawa, nan ne dashe ya wajaba, a yi masa ramukan tassa ko rabin wata masu tare ruwa, a zuba taki, kamar yadda ake yi a ƙasar Adar.

Ku kuma attajirai, maganata da ku ta ciniki ce. Sudan ce kan gaba a duniya wajen ƙaro, Cadi da Nijeriya na biye, yaƙin da ya ɓarke a Sudan a 2023 kuwa ya dagula hanyarsa, masu yin lemon kwalba da alewa da magunguna a Turai da Amurka ba su da abin da zai maye musu gurbinsa sosai. Dakwara tana fara ba da ƙaro tana da wajen shekara 5, tana jure ƙasar da gero ya gaji da ita, tana kuma gyara ta. Manoman Kordofan sun daɗe suna juya gona tsakanin hatsi da dakwara saboda haka. Akwai tashar binciken ƙaro a Gashuwa ta jihar Yobe, inda za a tambayi iri mai kyau da yadda ake tsaga. Mai kuɗin da zai iya ajiye hatsi wata shida yana jiran tsada, me zai hana shi haɗa kai da manoma goma, ya ba su iri da kuɗin shinge, su yi yarjejeniya a gaban shaidu a kan ƙaron da zai fito?

Masu fataucin gawayi da itacen wuta kuwa, na san abinci kuke nema, matan birni ma sai sun dafa tuwo. Amma kirya da marke da kaɗanya da ake ƙonawa, ba wanda ke mayar da su. Kaɗanya sai ta yi shekara 15 ko 20 kafin ta fara 'ya'ya, a ƙone ta dare ɗaya a sami buhu kaɗan, matan da ke tsintar ƙwara su rasa na cefane har abada. Ku ne kuka fi kowa sanin yadda tafiyar mota ke ƙara tsawo kowace shekara kafin a cika ta. Turare da darbejiya in an sare su suna sake toho daga kututture, a yi ta yanka ana komowa. A nan ne baƙon itace ke da amfani, a yi masa gona tasa a tudu mai zurfin ƙasa, nesa da fadama da bakin rijiya, gama turare mashayin ruwa ne, hatsi kuma ba ya jin daɗin maƙwabtaka da shi.

Abin da ya rage yana wuyan ma'aikatan bincike. Sakamakon aikin shekara sittin yana kwance cikin Turanci, mai gona da mai tsangaya ba su taɓa ganinsa ba. A fitar da shi cikin Hausa, da boko da ajami, warƙa huɗu ko biyar: wace ƙasa ke son wane itace, yadda ake gane marmara, yadda ake yanke leda, watan da ake dashe a Zariya da wanda ake yi a Daura. A kai wa limaman Juma'a da sarakunan kasuwa. Ranar biki kuwa a ɗauke ta daga ƙarshen damina a kai ta watan Afrilu, lokacin da zafi ya kai matuƙa, babban baƙo ya zo da takardar bara a hannunsa, a bi ramuka ɗaya ɗaya ana ƙirgawa a gabansa.